Tifar da Ba Ta Tsaya Ba

Zuwa ga Hajiya Sauda Rufa'i,
Jami'ar Kula da Lafiyar Ma'aikata,
Kamfanin Haƙar Dutse na Corvane, Manhattan.

Daga Oumarou Harouna, University Heights, Bronx.
Alhamis, 17 ga Afrilu, 2025.

Game da: Tifofi marasa direba a ramin dutse na kamfani

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto da Hausa ne domin na ji ke 'yar Kano ce, kuma Turancina ba zai ɗauki wannan magana ba. Shekarata shida a wannan aiki, motar kamfani tana kwashe mu daga Bronx zuwa ramin.

1. Ranar 3 ga Maris aka kawo tifofi huɗu masu tuƙa kansu, domin a ƙara yawan dutsen da ake fitarwa. Aka liƙa wa kowa wata 'yar na'ura a hular kwano, aka ce da ita tifa ke gane mutum ta tsaya. Ba wanda ya faɗa mana batirin na'urar yana mutuwa.

2. Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi, ina share tsakuwa a hanyar gangara, tifa ta taho cike da dutse. Na ɗaga hannu kamar yadda na saba yi wa direbobi. Sai na ga kujerar babu kowa. Abokin aikina Mashud ne ya fizgo ni ta wuyan riga. Tayar tifar ta bi ta kan shebur ɗina, ta wuce abinta.

3. Na kai rahoto, foman ya duba kwamfuta ya ce ba ta nuna mutum a hanyar ba, saboda haka babu abin da ya faru. Hajiya, ina wurin. Shebur ɗin yana hannun Mashud.

4. Tun ranar ba na iya tsallaka titin Fordham Road sai matata Balki ta riƙe ni.

Ina roƙo da ladabi a dakatar da tifofin har a gwada hular kowa, a kuma rubuta abin da ya same ni a littafin haɗari.

An sake sa sunana aiki a hanyar gangarar nan ranar Litinin, 21 ga wata. Zan je, domin ina da 'ya'ya uku. Don Allah amsarki ta riga ni isa.

Naki cikin biyayya,
Oumarou Harouna