Ta'aziyyar da Ba Bakinka Ba Ce

Kilomita Biyar, Bangui

Zuwa ga ɗana Anwar,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ulfa da yara, Allah Ya kare ku da sanyin ƙasar Turawan nan, Ya ƙara mana haƙurin rashin mahaifiyarka Tasalla, Ya sa ta huta. Mu nan da sauƙi. Ƙanwarka Zulaiha ta koma buɗe shagon atamfa a titin Koudoukou, ni ma ina fita kasuwa ko da ƙafa na ciwo. Babanka, Yaya Dabo, shi ne dai sai a hankali. Idon ya ƙara rufewa, abinci kuma sai na tsaya a kansa da faɗa.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ita ce saƙon ta'aziyyar da ka turo. Ranar sadakar uku Zulaiha ta karanta shi a gaban jama'a, Hausa tsantsa kamar ta mai labarai a rediyo. Mata suna share hawaye suna cewa ashe yaron nan bai manta harshe ba. Ni kuwa na san wanda na goya. Kai da ko gishiri za a aike ka saye sai an maimaita maka da Sango, yaren ƙasar nan, yaushe ka koyi cewa "ginshiƙin gidanmu ya faɗi"? Amma babanka ya ji daɗi, ya sa aka sake karanta masa, sai na rufe bakina.

Bayan kwanaki wani baƙon ɗan kasuwa, Muhammad Awwal, wanda bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba kuma bai taɓa ganin Tasalla ba, ya turo nasa saƙon don ladabi. Zulaiha ta fara karantawa, sai ga ginshiƙin nan ya sake faɗuwa. Shi ma ya ce uwa ce mai sanyin hali wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba, kamar yadda ka ce. Anwar, Tasalla fa! Matar da in tana ciniki da mai garin rogo a unguwar Yakité, har mutanen unguwar Kokoro sun san farashin da aka tsaya. Babanka ya yi dariya har da tari. Can ya tambayi Zulaiha ko malami ɗaya ne ya rubuta muku. Ita kuma yarinya ba ta iya ƙarya ba, ta gaya masa sabuwar manhajar nan ce ta waya, wadda ake wa tambaya ta amsa kamar mutum, ka faɗa mata abin da kake so ta tsara maka.

Ka san gwaggonka ba ta sayen kaya a cikin buhu. Na sa aka saka min ita a wayata na gwada. Wallahi ta iya baki, ta fi dillalan zannuwa. Na ce mata matar yayana ta rasu, nan take ta ba ni haƙuri mai daɗi har idona ya ciko. Sai na gwada ta, na ce marigayiyar mafaɗaciya ce, ta juya ta yabi mafaɗata. Duk inda ka karkata nan take bi, irin abokin cinikin da ke yaba kowace atamfa amma ba ya sayen ko ɗaya. Na ga amfaninta, don ta fassara wa Zulaiha takardar Faransanci ta masu kawo kaya tas. Abin da nake tsoro shi ne yaranmu na unguwa duk sun rungume ta, kuma nan gaba ba za mu ƙara gane wanda ya yi kuka da gaske ba.

Ban ce ba ka ji mutuwar uwarka ba. Na san kunya ce ta kama ka, kada dattawa su ji Hausarka a karye. To, babanka bai san haka ba. Shi a ganinsa ɗansa ya ba wa inji aikin kukan uwarsa. Da kullum yana tambaya ko ka kira, yanzu ya daina, in an ambaci sunanka sai ya ja carbinsa. Jiya ya ce min tun da rikicin ƙasar nan ya raba ku bai roƙe ka komai ba, ashe ko muryar ma ba zai samu ba. Jikinsa ba na jira ba ne, ɗana, ba na so ya tafi da wannan a ransa.

Don haka wannan takarda ka karanta ta da kanka, ko da kana tuntuɓe, kada ka ba manhajar ta tsara maka amsa. Kafin sadakar arba'in ka kira wayar Zulaiha, ta kara masa a kunne. Ka gaya masa yadda Tasalla ta bi ka da muciya har bakin masallaci ranar da ka ɗauki babur ɗin maƙwabci. In Hausa ta ƙare maka ka ci gaba da Sango, yana ji. In ita ma ta ƙare ka yi kukanka kawai, wannan ya san muryarsa tun kana zanin goyo.

Ka gaida Ulfa da kyau, ka shafa min kan Samira da Hafsat. Zulaiha da baffanka Falalu suna gaishe ku. Babanka bai ba ni saƙo ba, ni kuma ba zan ƙirƙira masa ba.

Gwaggonka mai jiran ƙarar waya,
Rahamatu