Na ɗora wa goggona ciwon ƙarya don in je a yi mini tausa

Assalamu alaikum Anti, ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin wani ya ɗauki waya ya fara rubuta mini "baiwar Allah ki ji tsoron Allah", ya daure ya karanta har ƙarshe. Tsoron Allah ina ji, shi ya sa ma na rubuto. Amma in gaya muku tun yanzu, ban zo don a lallashe ni in fasa ba.

Ni matar aure ce a nan Mubi, na haura shekara arba'in, yarana duk sun tasa, babbar tana ɗakin mijinta, sauran suna karatu a Yola. Maigidana yana da shagon hatsi a kasuwa. Ba zan yi masa ƙazafi ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shekarun baya mahaifiyarsa, muna kiran ta Dada, ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Da aka sallamo ta daga asibiti 'ya'yanta mata suka zauna a falona kowace tana kawo dalili, wannan gidanta ba fili, waccan mijinta ba zai yarda ba. Ni na buɗe baki na ce a bar mini ita. Ba wanda ya tilasta ni, kuma har gobe ban yi nadama ba, don matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Tun daga ranar ni ce ƙafarta, ni ce hannunta. Ni nake ɗaga ta, ni nake juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ni nake yi mata wanka, in ɗauke ta cak in ɗora a kujera, in shafa mata mai in murza hannun da ya mutu ɗin safe da yamma. In Alhaji ya dawo daga kasuwa ya kwanta a kan darduma ya ce, "Zo ki ɗan danna mini kafaɗar nan, yau na sha tsayuwa," shi ma in danna. Anti, kowa a gidan nan ya san daɗin hannuna. Ni kuwa fa? Wa ya taɓa ɗora hannu a bayana ya ce ina ne ke miki ciwo?

Bayan nawa kuwa ya gama lalacewa. Yanzu ruku'u sai na dafa bango nake miƙewa. Wani lokaci ciwon yana tasowa daga ƙugu ya bi cinya har ƙasa kamar an zuba mini ruwan zafi. Na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ƙuna. Da na je asibiti likita ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, naman bayan ne ya ɗaure saboda ɗaukar nauyi, abin da nake buƙata gashi ne da tausa a hannun wanda ya karanci aikin. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya, zan kira ta Sista, ita ce ta riƙa zuwa gida tana motsa wa Dada gaɓoɓi a farkon ciwon, ita ta koya mini yadda zan ci gaba. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Sabon Layi, suna da ɗaki na mata zalla. Kwanakin baya ta leƙo gaida Dada, ta gan ni ina ƙoƙarin miƙewa daga tsugune, sai ta riƙe baki. Hausarta irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Madam, kai ne kana bukatan gado yanzu, ba Mama ba. In ka fadi, wa zai daga ku biyu?" Na yi dariya, amma da ta tafi na shiga kicin na yi kuka.

Ban fara da ƙarya ba, wannan ina so ku riƙe shi. Na sami Alhaji bayan ya ci abinci, na durƙusa na gaya masa abin da likita ya ce. Bai ko ajiye wayarsa ba. Ya ce, "Tausa? A waje? Ke da girmanki ki je ki tuɓe wa wata ƙatuwa tana latsa ki? Mun san abin da ake yi a irin wuraren nan, muna gani a waya." Na ce, "Alhaji, Sista ce fa, wadda ta yi wa Dada. A gabanka ta yi." Ya ce, "Dada mara lafiya ce." Na ce, "Ni kuma fa?" Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ai ga ki a tsaye. Gobe zan taho miki da man zafi." Ya kuwa taho da shi, har kwalba biyu. To wa zai shafa mini? Hannuna yana kaiwa tsakiyar bayana ne? Suna nan a kan madubi ko buɗe su ban yi ba.

Sai na kira Sista na ce ta sa ni ranar Asabar da hantsi. Na yi mata tambayoyin da ni kaina na ji kunyarsu. Na ce sai na cire komai? Ta ce a'a, in zo da zane da riga mai sakin jiki, za a lulluɓe ni, wurin da ake aiki kaɗai za a buɗe, in an gama a rufe. Na ce namiji yana shigowa? Ta ce ko mai shara ba ya wuce labulen. Ta tambaye ni ko ina da hawan jini, ko ina shan wani magani, ko akwai ciki, na ce ciki kuma a shekaruna, muka yi dariya. Ta ce kada in cika cikina da abinci kafin in zo, in sha ruwa, kuma in ta danna wani wuri na ji zafi ya yi yawa in faɗa, kada in daure. Anti, wannan kalmar ta tsaya mini. Kada in daure. Tun da aka kawo ni gidan miji ban taɓa jin wanda ya ce mini haka ba. Na wanke sabon zanena na goge, na yanke farce, na sa komai a leda na tura ƙarƙashin gado kamar mai shirin guduwa. Matar da ta aurar da 'ya, wai ni ce nake ɓoye zane. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi.

Ga inda na yi laifin. Dole in sami dalilin fita, kuma dole wani ya zauna da Dada. Sai na ce wa Alhaji goggona da ke Kwaja, ƙanwar mahaifina, ba ta da lafiya, an ce jikin ya yi tsanani, ina so in je in duba ta ranar Asabar. Goggon nan lafiyarta ƙalau, ranar ma da na kira ta tana gona tana cirar gyaɗa. Na ɗora wa tsohuwa ciwon da Allah bai ɗora mata ba, da bakina. Wannan yana ci na, ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara gabana sai ya faɗi, in ce kada dai bakina ya kama ta.

Kun san abin da Alhaji ya yi? Nan take ya ajiye wayar. Ya yi salati, ya ce, "Goggo? Subhanallahi, tun yaushe? Me ya sa ba ki faɗa da wuri ba?" Ya kira ƙanwarsa da ke Sahuda ya ce ta zo ta wuni da Dada, ba shawara ba, umarni. Matar da kullum ba ta da lokaci, sai ga shi ta ce to. Jiya ya shigo da madara da sukari da sabulu da lemo a kwali, ya ce, "Asabar ɗin zan rufe shago, ni zan kai ki da kaina. Duba mara lafiya ai ba a wasa da shi." Na tsaya ina kallon kwalin nan. Ashe shagon yana rufuwa? Ashe ƙanwarsa tana da ƙafar zuwa? Ashe akwai mota, akwai lokaci, akwai tausayi? Duk akwai, ga ciwon ƙarya na matar da yake gani sau ɗaya a shekara. Ni da nake kwana a gefensa ina juyi ina nishi, nawa ciwon na gaskiya kwalbar man zafi ya samu. Ku gaya mini, ni kaɗai ce mai laifi a wannan maganar?

Yau da safe ina yi wa Dada wanka, na sunkuya zan ɗaga ta sai bayan ya riƙe, na durƙushe a gefen gadon na kasa tashi. Tun da ciwon ya same ta Hausa ta gudu daga bakinta, Fulatanci kaɗai ya rage, shi ma da ƙyar. Ashe duk wayar da na yi da Sista a ɗakin nan, Dada tana ji. Ta miƙo hannunta mai lafiyar ta ɗora a ƙuguna, daidai wurin, ta ɗan danna da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce, "Dillu." Wato ki tafi. Na ce, "Dada, ɗanki ya hana." Ta daɗe tana haɗa maganar, miyau yana zuba ina goge mata, sannan ta ce in gaya masa ita ta aike ni, in yana da magana ya zo ya same ta. Na kifa kaina a katifarta na yi irin kukan da na daɗe ban yi ba.

To ga ni. Asabar jibi ce. Zuwa kam zan je, ko a keke ko a ƙafa, wannan na gama yanke shi. Ba gidan rawa za ni ba, ba wurin wani namiji za ni ba, kuma in na kwanta ban tashi ba, masu cewa in yi haƙuri ba wanda zai zo ya juya Dada ko sau ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan fita daga ƙaryar da na shiga. In same shi in ce Goggo lafiyarta lau, ni ce mara lafiyar, ka ɗauki kwalinka ka kai ni Sabon Layi ka zauna a bakin ƙofa ka ga wurin da idonka? Na san shi, zai iya cewa tunda na iya yi masa ƙarya a kan wannan, Allah kaɗai ya san sauran, kuma wannan maganar in ta fita ba ta komawa. Ko in fake da Dada, in bar tsohuwar da ko sunansa da ƙyar take kira ta tare mini faɗa? Zuciyata ba ta so. Ko in kira Goggo in ce ta kwanta ta yi nishi idan mun zo, in mayar da ƙarya ɗaya ta zama ta mutum biyu, kuma in rasa Asabar ɗin da na yi ƙaryar dominta?

Masu zagi ku zaga, na ji. Amma matan da suka taɓa jinyar wani har jikinsu ya ƙare, da mazan da suke da mata irina a gida ba su lura ba, ku nake tambaya. Kwalin yana nan a falo, shi kuma ya riga ya sa a wanke mota. Ni yanzu me zan yi?