Inna, Mun Daina Shan Ruwan Rijiyarki

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da uwa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ina sanar da ke gida lafiya, shinkafa ta yi kyau bana, kuma matar ƙanena Sani ta sauka lafiya. Mace aka samu, aka mayar da sunanki. Tunda babu mai bakin kiran sunan a gidan nan, Ummi muke ce mata. Goshinki ta ɗauko, har da ɗan faɗanki.

Sai dai akwai maganar da na ga gara ki ji daga bakina. Mun daina shan ruwan rijiyarki.

Na san da kina nan da tuni kin ajiye muciya kin riƙe ƙugu. Rijiyar da kika sa aka haƙa a ƙofar gida, kika ce sadaka ce ga duk mai wucewa, ko bayan ranki. Masu tsinkar tumatir daga hanyar Kura nan suke yada zango, masu shayi kuma har daga Bunkure suke aiko da jarka a ɗeba musu. Ruwan burtsatsen masallaci ko kallo bai ishe ki ba. Cewa kike yi, "Wannan ruwa ne? Kamar mutum ya lashi ƙusa."

Ina tuna yadda kike gwada ruwa. Ki ɗebo a moɗa, ki ɗaga shi wajen haske, ki sansana, ki kurɓa. "In kin ga ƙasan moɗa, yi bisimilla ki sha abinki." Da wannan muka girma, ban taɓa tunanin akwai wani gwaji bayan naki ba.

To, jikarki Hafsatu, 'yata da kike kira uwar tambaya, yanzu ilimin sinadarai take karanta a jami'a. Da ta zo suna sai ta taho da wata 'yar na'ura daga makarantarsu, ba ta fi wayar hannu girma ba, da wani tsinke kamar biro da ake tsomawa a ruwa. Wai tana gano abin da ya narke a ciki wanda ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Mata suka kewaye ta kamar ta zo da kayan talla. Ni da kaina na ja guga na miƙa mata, ina taƙama, ina jiran na'ura ta yabe ki a gaban jama'a.

Inna, ba ta yabe ki ba. Hafsatu ta sake gwadawa, ta wanke tsinken ta kuma sakewa. Sannan aka ɗebo na burtsatse, mai ɗanɗanon ƙusar nan, ya fito lafiya lau. Na rasa inda zan sa fuskata.

Laifin ba naki ba ne. Lokacin da aka yi rijiyar, gonaki suna can nesa bayan kanal ɗin ruwan noman rani. Yanzu shinkafar Sani ta zo har gindin katanga, rani da damina ana zuba takin zamani, ruwa yana tsatsafowa da shi ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka gaya wa Sani takinsa muke sha, sai ya ce shi ya sa duk gidan muka yi tsawo.

Yayanki Kawu Ado bai ga abin dariya ba. Ya ce shi da ruwan nan ya yi furfura, ko ciwon kai ba ya yi. Hafsatu ta durƙusa ta ce ai babba yana iya ɗauka, jariri ne ba ya iyawa, don abin yana hana jininsa ɗaukar iska har leɓe ya canja kala. Ga shi tsofaffin gidan sun fara ɗiga wa Ummi ruwan ɗumi da cokali, kamar yadda kika yi mana. Na ce ai tafasasshe ne. Ashe tafasawar ƙara masa ƙarfi take yi, ruwan ne ke tafiya da tururi ya bar takin a tukunya. Kawu ya daɗe yana kallon jaririyar, sannan ya tashi da kansa ya juye randa.

Abin da ya dame ni bayan wannan shi ne ladanki. Na tura Sani wajen liman, ya ce alwala da wanki da ban ruwan shuka duk sadaka ne, lada bai tsaya ba. Sai muka yi lambu a gefen rijiyar, muka sa zogale da kuɓewa da yakuwa, kowa ya zo ya tsinka kyauta. Ki ga yadda suke tashi, tunda ruwan da takinsa yake zuwa. A jikin murfin kuma an rubuta ba na sha ba ne, masu tumatir ana nuna musu masallaci.

Kowa ya saba, ni ce dai har yanzu. Muryarki ta fara yi mini nisa, zannuwanki sun daina ƙamshinki, ɗanɗanon ruwan rijiyarki ne kaɗai abin da ya rage wanda in na kai baki sai in ji kamar kina tsakar gida. Hafsatu ta ce ni in na sha jefi-jefi babu komai. Amma gidan da ke da jariri, randa biyu rikici ce, wata rana hannu zai yi kuskure. Na haƙura, Inna. Na san da za a tambaye ki, da kanki za ki ɓoye gugan saboda jaririyar nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ya raya mana Ummi, Ya ba ta zuciya irin taki.

Taki har kullum,
babbar 'yarki, mai shan ruwan ƙusa.