Babur ɗin da ba ya sallama

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa tana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba ki taɓa karanta boko ba. Ni ma yau da ƙyar nake ganin abin da hannuna yake rubutawa.

Inna, ciwon idonki ya iso gare ni. Likita a Zariya ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe da gefe sun rufe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure.

Kin tuna yadda kike tsallaka hanya a Gazara bayan naki idanun sun tafi? Ki tsaya da ƙwaryar daddawa a ka, ki karkata kunne, ki ce, "Waccan motar rake ce, an cika mata ciki, sai ta yi tari uku kafin ta iso." Ki wuce abinki. Da wannan gadon nake tsallaka titin Ikara shekara uku ke nan, duk Litinin da Alhamis, zuwa ajin matan da nake koya wa karatu tun da na ajiye aikin shugabar makaranta. Ba wanda ya taɓa riƙe mini hannu.

Sai ga wani sabon babur ya shigo gari, mai caji, ba ya shan mai. Ba zan zalunce shi ba: ba ya hayaƙi, kuma tun da mai ya yi tsada shi ne ya sa mata suke iya kai mara lafiya asibiti ba a ƙafa ba. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya sallama. Yana tafe kamar inuwa.

Wata safiya a watan jiya na tsaya a bakin titi na saurara. Ban ji komai ba sai rediyon mai shayi. Na sa ƙafa. Iska ce kawai ta fizgi mayafina, na tsinci kaina a ƙasa, littattafan ɗalibaina a warwatse. Mai babur ɗin magidanci ne, yana cewa ya gan ni, ya ɗauka ni ma na gan shi. Ban ga laifinsa ba. Waɗanda suka ƙera abin sun tuna da mai tuƙi, sun tuna da mai hawa, ba su tuna da mai tsallakawa da kunne ba.

Ɗana Kabiru ya taso daga Kaduna. Ya ce, "Hajiya, kin gama fita ke kaɗai. Zan sa miki manhajar kiran babur a waya, ki latsa a zo har ƙofa a ɗauke ki." Na ce masa, in latsa wayar da ba na ganin fuskarta, in kira babur ɗin da ba na jin tafiyarsa? Amma na san wannan hukuncin nasa. Irin nawa ne.

Shi ya sa nake rubuto miki. Da na ɗauko ki daga Gazara na kawo ki gidana, ni na ɓoye sandarki a bayan rumbu, na ce don lafiyarki ne. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika ce, "Malama, kin fi ni karatu, amma ba ki fi ni sanin hanya ba." Ba ki sake taka ƙofar zaure ba sai ranar da aka fitar da ke. A lokacin na ɗauka kulawa ce. Inna, ki yafe mini.

Ban yarda a yi mini haka ba. Na je rumfar 'yan acaɓa na nemi shugabansu, Sale, wanda na koyar a aji huɗu, yanzu har da furfura. Na faɗa masa ba ni kaɗai ba ce: akwai Malam Audu makaho mai tufkar igiya, akwai tsofaffi masu yanar ido da ke zuwa kasuwa. Na ce ya tuna yadda suna yara suke maƙala gorar roba a tayar keke don ta yi ƙara kamar babur? Ita nake so su maƙala a baburansu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, a kan wannan fa kika sa ni kamun kunne rana tsaka!" Na ce, to yau na janye hukuncin.

Wasu sun maƙala. Wasu sun ce ba su sayi sabon babur don su ɗaura masa shara ba, kuma na fahimce su. Sale ya ce ƙungiya za ta rubuta wa dillalan babur ɗin su sa masa ƙara tun daga can. Ni na tsara takardar. Ko za a amsa, Allah masani.

Ranar Alhamis na fita. Ban nemi izinin Kabiru ba, ban kuma ɓoye masa ba. Na daɗe a bakin titi ina saurare, don na san ba duka ke da gora ba. Can na ji fat-fat-fat daga ɓangaren Makarfi, sauti mai muni, mai daɗi. Na bar shi ya wuce. Na yi bisimilla, na tsallaka. Ɗalibaina suna zaune a kan tabarma suna jirana, muka ɗora daga inda muka tsaya.

Allah Ya haskaka kabarinki fiye da hasken da Ya karɓa daga idanunki. Ya sassauta zuciyar Kabiru a kaina, kada ya ɗauki irin nauyin da na ɗauka. Ya haɗa mu a inda ba mai buƙatar jagora. Amin.

Ni ce 'yarki ta fari,
wadda kunya ba ta bar ki kin kira sunanta ba ko sau ɗaya.