Ƙanwar Da Ba Ni Da Ita

Litinin, 2 ga Yuni

Mata goma sha bakwai yau. Kowacce na ce ta ɗaga hannu, ta riƙe numfashi, ta saki. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton nonon mata a ɗakin nan mai sanyi, har na kan gane wadda za ta yi kuka tun daga yadda take cire sarƙar wuyanta.

Ni ma nawa ƙullutun yana nan. Hagu, can sama wajen hammata, kamar ƙwayar wake. Sati biyar ke nan da na taɓa shi a wanka. Ba ya ciwo, ba ya motsi. Na san abin da rashin motsin nan yake nufi, ni nake koya wa sababbin ma'aikata.

Na laluba cikina ko zan ji tsoro. Babu komai. Na yi guga na kwanta.

Laraba, 4 ga Yuni

Na'urar tana gabana kullum, aikin minti goma ne. To amma wa zai ɗauka? Abokiyar aikina ce, wadda muke raba shayi kofi ɗaya. Wa zai karanta? Likitan da nake kai wa fayil da safe. Kafin a tashi duk benen ya ji, a fara yi mini magana a hankali, ana karɓe mini kaya daga hannu. Ba zan iya ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Zaman Asabar. Mu biyar kamar kullum: Anti mai makarantar, Lauya, Injiniya, Mai Magani, sai ni. Ƙarfe bakwai muka zagaya filin makarantar Anti sau uku, Injiniya tana haki tana zagin takalminta. Muka shiga ofishin malamai, Mai Magani ta fito da abin awon jini ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Nawa lafiya lau. Abin dariya.

Shekara huɗu muna haka, dokar Anti ba ta canja ba. Kowacce ta faɗi abu ɗaya da ta yi wa kanta a satin, da abu ɗaya da take bukata. Wadda ta san mai iya taimakawa ta ba da lamba nan take, ba sai anjima ba. Kuma duk inda aka tura mace, ɗayarmu za ta raka ta, ba a zuwa ke kaɗai.

Uwar Lambobi suke kirana, don babu ofishin da ban taɓa ɗaukar hoton matar wani ko 'yarsa ba. Yau Injiniya tana neman wanda zai duba mata takardar izinin gini da ta maƙale wata biyu. Na ba ta lamba biyu.

Da aka zo kaina na ce na yi barci, kuma ba na bukatar komai.

Injiniya ta ce, "Ke kullum barci, kullum ba kya bukata. Wai ke mutum ce ko firiji?"

Aka yi dariya. Ni ma na buɗe baki daidai lokacin da ya kamata.

Talata, 10 ga Yuni

Mata goma sha huɗu yau. Na yi girki, yara da babansu sun ci.

Asabar, 14 ga Yuni

Na jawo wa kaina.

Anti ta tsare ƙofa da kujera ta ce, "Yau ba mai tashi sai Uwar Lambobi ta roƙi abu. Ko allura ce." Duk suka zuba mini ido. Don su ƙyale ni na ce to, akwai wata ƙanwata, 'yar ƙanin babana, ta ji ƙullutu a nono, kuma ba ta son zuwa wajenmu saboda kunyata.

Na ɗauka za su ce Allah ya sawwaƙe a wuce. Na manta da su wa nake zaune. Mai Magani ta ce ta san wata likita mace a wancan gefen gari, tana magana tana danna waya. Lauya ta ciro biro. Shekararta nawa? Na ce arba'in da uku. Yara? Uku. Tun yaushe ta ji shi? Na ce ya ɗan kwana biyu. Lauya ta kalle ni ta saman tabarau, ta rubuta.

Kafin shayina ya huce an sama wa ƙanwata lokaci: Talata ashirin da huɗu, ƙarfe tara. Lauya ce za ta raka ta.

Ƙanin babana maza huɗu ya haifa.

Litinin, 16 ga Yuni

Guruf ɗin waya ya cika. "Ya ƙanwarmu ta kwana?" "Ki ce mata kada ta shafa turare ko hoda ranar." Wannan Mai Magani ce, ni take koya wa. Anti ta ce ta sa ta a addu'a. Injiniya ta aiko da riga mai maɓalli a gaba, wai ta fi sauƙin cirewa a asibiti.

Ina ta rubuta "tana godiya."

Baban yara ya ga rigar a leda da 'yar takarda a jiki. Ya ce, "Wace ƙanwa kuma? Ni da na san danginki kaf har da waɗanda ba kwa shiri?" Na ce ta wajen aiki ce. Ya ce to, ya koma kan labarai.

Alhamis, 19 ga Yuni

Wata mata yau, tela ce, ta zo da zare maƙale a gyalenta. Hoton yana fitowa na ga ƙullutu a ciki. Ba aikinmu ba ne mu faɗa, na likita ne, don haka muna da maganarmu. Na daidaita fuska na ce, "Kin ɗan motsa, bari mu ƙara ɗaya." Ba ta motsa ba. Ta ba ni haƙuri har sau biyu.

Na ci abincin rana duka. Ban san me na ci ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Ban je ba, na ce ciwon kai. Na rubuta musu cewa ƙanwar ta yi tafiya, a soke.

Litinin, 23 ga Yuni

Lauya ta zo mini ofis da rana, da rigar kotu a hannu. Ta rufe ƙofa ta zauna a kujerar da marasa lafiya suke ajiye kaya.

Ta ce, "Shekara ashirin ina sauraron masu cewa wani abokina ne ya yi. Arba'in da uku, yara uku. Kuma duk lokacin da kike maganar, hannunki na dama yana nan." Ta nuna hammatarta ta hagu.

Na ce mata ina da layi a waje.

"Ban gaya wa kowa ba, ba nawa ba ne in faɗa. Kuma ban soke ba. Gobe takwas ina ƙofar gidanki. In kin ga dama ki fito, in ba ki fito ba ina nan a mota har makwabta su fara tambaya."

Na ce aiki fa. Ta ce, "Ke da kika sama wa rabin garin nan hutu da aiki? Nemi naki."

Na jira in ji haushi. Shi ma bai zo ba. Na cike takardar hutun kwana ɗaya.

Talata, 24 ga Yuni

Na fita takwas da kwata. Na sa rigar Injiniya, ta yi mini daidai. A hanya Lauya ta kunna rediyo.

Ɗakin hotonsu ya fi namu ƙanƙanta, na'urarsu ta fi tamu sabunta. Na tsinci kaina ina duba yadda suka jera tawul. Mai ɗaukar hoton tsarata ce, mai sanyin hannu. Ta ce, "Ɗan matsi ne kawai, Hajiya." Ni ma haka nake cewa, sau dubu nawa. Ashe ba ɗan matsi ba ne. Kuma farantin na'urar sanyi ƙalau, har cikin haƙori. Ba wadda ta taɓa gaya mini, ko kuwa sun faɗa ban ji ba.

Ta je bayan gilashi, ta ɗan daɗe. Ta dawo da fuska a daidaice.

"Kin ɗan motsa, bari mu..."

Na ce, "Ban motsa ba, 'yar'uwa. Aikinmu ɗaya. Ɗauki kawai."

Ta tsaya da hannu a kan na'urar. Sai ta ce, "Yi haƙuri," ta gyara mini kafaɗa a hankali.

Likitar ta ce a ɗebi ɗan nama da allura a gwada, yau ɗin nan tunda na zo. Aka ɗiba. Da na fito na tarar da Lauya a benci rungume da jakata, tana raɗa a waya tana neman a ɗaga mata zaman kotu. Ta saya mini ruwa mai sanyi. Na riƙe shi har gida ban buɗe ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Na sa tawul mai ɗumi a kan farantin kafin kowacce ta shigo. Abokiyar aikina ta ce yau kuma me ya faru. Na ce ba komai.

Litinin, 30 ga Yuni

Sankara ce.

Likitar ta ce ƙarama ce, kuma iya abin da suka gani ba ta bazu ba. Tiyata ranar Alhamis, goma ga Yuli. Ta tambaye ni tun yaushe na ji shi. Na ce sati tara. Ta san aikina. Ta dai rubuta, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa baban yara da ya dawo, tun bai cire takalmi ba. Ya zauna a hannun kujera. Sai ya ce, "Sati tara kina kwana kusa da ni." Ya tashi ya shiga kicin, na ji yana wanke kwanukan da na riga na wanke.

Yaran sai Juma'a, in babbar ta gama jarrabawa.

Asabar, 5 ga Yuli

Na je. Zagaye biyu kawai na yi.

Da aka zo kaina na faɗa a tsaye, kamar mai ba da rahoton aiki: babu wata ƙanwa, ni ce, ga sunan ciwon, ga ranar. Mai Magani ta ajiye abin awon jini a cinya. Anti ta rufe ido. Injiniya ce ta miƙe, har kofi ya zube.

"Amma ke muguwa ce, wallahi. Sati uku muna yi wa baƙuwa addu'a, ashe ke ce zaune a nan kina zuba mana sukari?" Tana masifa tana kuka, majina da komai. Ta juya kan Lauya ta ce ita ma munafuka ce. Lauya ta ce ta karɓa.

Anti ta ɗauki alli ta ja layuka a allon malamai. Wa zai kai yara makaranta, wa zai karɓo magani, wa zai yi magana da shugaban sashenmu kan hutu. Ni da nake ba da lamba, yau ina zaune ana rubuta ni. Sannan ta juyo ta ce, "Ranar tiyata wa kike so ta zauna a bakin ƙofa tare da maigidan? Zaɓi ɗaya."

Alhamis ce. Lauya tana da kotu, Injiniya ranar ake zuba mata kankare, Anti tana da masu duba makaranta, Mai Magani ba ta da mai tsare mata shago. Duk na sani, ni na haɗa su da rabin mutanen.

Na ji bakina ya ce, "Dukanku."

Muryar ma ba irin tawa ba ce, ta yi rawa. Anti ba ta sake tambaya ba, ta rubuta.

Rashin hankali ne, mutum huɗu su bar aiki don su zauna a benci. Tun da na dawo nake cewa zan rubuta musu wasa nake, ɗaya ta isa. Na ɗauki wayar sau uku.

Ban rubuta ba. Wayar tana caji.