Kwandon Kifin da Na Tura Maka da Ƙafa

Zuwa ga ƙanena Hamidu, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na bakin teku. Inna tana gaishe ka. Ba ka ɗaukar kirana, shi ya sa na rubuto wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, ko wani direban babbar mota, kamiyo, zai gani ya nuna maka.

Ka tuna shekarar da kifi ya yi wuya a kogin Kwara. Masuntan Gaya da na tsallaken Malanbil suka zauna gaban sarkin ruwa, Hausawa da Dandawa da Zabarmawa, aka hana kamun kifi da gidan sauro. Mu mata masu banda muka yi alkawarin ba za mu sayi 'ya'yan kifi ba, ko wa ya kawo. Ni na fara ɗaga hannu.

Sai ga ka da hantsi, ɗauke da kwando. Na buɗe, na ga 'ya'yan karfasa, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Matan tsallake duk sun zuba mini ido. Na tura maka kwandon da ƙafa, Hamidu, alhali na san tarunka ya yage, matarka kuma tana da tsohon ciki. “Yaya, har da ni?” Iyakar abin da ka ce ke nan. Ba a jima ba ka sayar da jirgin Baba, ka hau mota.

Alkawarin ya tsaya. Mata suka ce tunda Dije ta mayar wa ɗan'uwanta, wa ya isa ya saya? Bana giwan ruwa ya dawo, har an ga ayu da ɗanta ta wajen Tanda. Ana ta yaba mini, ni ko sai in sunkuyar da kai.

Har gobe ba zan sayi wannan kifin ba. Amma da na ja ka gefe. Da na ɗinka maka tarun. So na yi a gan ni.

'Yarka ta fara tafiya, ba ta san fuskarka ba. In aka ce iska ta taso a teku, Inna ba ta iya cin tuwo.

Ka yafe mini, ɗan Inna. Allah ya tsare ka daga igiyar ruwan da ba ka saba da ita ba, ya sanyaya zuciyarka, ya nuna maka hanyar gida. Amin.

Yayarka,
Dije