Barewar Da Ta Ƙi Ɗori

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ni zan karanta maka, kana gyaɗa kai kamar yadda kake yi in na ɗauko littattafan labarina. Amma wannan labarin ya ƙi zama a cikina.

Muna lafiya a Doguwa. Inna tana nan Kiru, an ce geronta ya yi kyau.

Farkon damina maigidana Malam ya shigo gida da barewa a kafaɗa. A bakin daji ya same ta, tarko ya karya mata ƙafar baya. Iya, mahaifiyarsa, ta ce a yanka ta kafin ta zama mushe, a yi asarar nama. Gaskiyarta ce, Baba. Ni kuwa da na ga idanunta sai na ga 'yar sarkin nan ta cikin littafi da aka mayar dabba. Na yi ta roƙo har Iya ta ba ni zuwa Juma'a: in ba ta miƙe ba, wuƙa.

Na tuna ni 'yar maɗori ce. Na fere karan dawa, na yage tsohon zanena, na ɗaure ƙafar yadda na sha ganin kana yi wa mutane, har da tofin bismilla. Kafin in wanke hannu ta yi shuri ta watsar da karan. Na sake, ta sake. Kai da ka ɗora ƙafar rabin Kiru, ka taɓa samun mara lafiya mai taurin kai haka?

Sai na ƙyale ta. Ta lafe bayan rumbu tana lasar ciwon, na riƙa ajiye mata ruwa da ɗanyar ciyawa in kauce. Ranar Alhamis ta tashi a kan ƙafa uku tana rawar jiki. Iya ta dube ta, ta mayar da wuƙa cikin kwando. Wata bai cika ba ta tsallake danga ta tafi, ko waige babu.

Ban taɓa gaya maka ba, Baba: duk jaruman littattafan nan, da fuskarka nake ganinsu. Kunya ce ta hana ni faɗa.

Jiya Malam ya dawo daga gona yana dariya. An cinye mana gefen wake. Ya ga sawu, uku sun nutse, ɗaya sama-sama, ga wasu ƙanana suna bi a baya. Ta haihu ke nan. Tun jiya Iya take mita, wai na yi kiwon ɓarauniya har da 'yarta. Ni dai na ce a cire waken daga rabona.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka.

Ni ce 'yarka da ba ta gaji hannunka ba,
Hadiza